Sun Ɗauke Ragarka, Baba

Zuwa ga mahaifina da ya huta cikin Ubangiji. Gaisuwa da ladabi daga gare ni, da Mama, da ƙannena.

Baba, bari in tambaye ka, masu leƙen wasiƙar nan ta bayan kafaɗata su ma su ji: yaushe ake daina kiran mutum baƙo a gari? Sai ya mutu? To, ka mutu, a ƙasarsu muka binne ka, amma har yau ɗanka baƙo ne.

Ga abin da ya faru. A watan jiya wani ya zuba maganin feshin gona a babban gurbin rafi. Gari ya waye kifi ya taso ciki sama, tarwaɗa da karfasa, har da ƙananan da ba su kai yatsa ba. Ba a kama kowa ba. Amma Dattijo Ayuba, Sarkin Ruwa, ya aiko aka ɗauke ragarka daga ƙusar da ka bar ta, aka kuma ce bana ba zan shiga su ba, wato kamun kifin da gari duka ke yi tare. Dalili? Wai gidanmu ne ya taɓa karya dokar ruwa.

Haka ne, an taɓa. Amma tunda farkon labarin kaɗai suka riƙe, ni zan tuna musu sauran.

Da reluwe ta sallame ka a Kafanchan, bayan ka ƙarar da ƙarfinka wajen zuba wa jirgi kwal, kowa ya ɗauka Numan za ka koma, bakin Binuwai inda aka haife ka. Ka ƙi. Wani abokin aikinka ya taɓa kawo ka ƙauyen nan na bayan Fadan Kagoma cin Kirsimeti, ka ga rafin, ka ga dajin da ke bayansa, shi ke nan zuciyarka ta zauna. Mama takan ce mini, "Mazan mutane in sun yi ritaya kujera suke nema, ubanka kuwa ruwa."

A wajenku, duk wanda ya iya jefa raga sai ya jefa. Ba wanda ya gaya maka cewa a nan gurbin a rufe yake tun ƙarshen damina, har ranar da Sarkin Ruwa zai buɗe, gari duka ya shiga tare. Ka ga ciyawar da aka ƙulla a kan sanda a bakin ruwa, ka ɗauka wasan yara ne. Ka jefa, raga ta cika. Wata cikin matan da ke wanki ta ɗora hannu a ka.

Aka ci ka tarar akuya. Da kanka ka ja ta har gaban dattawa, ka durƙusa. Ni ina gefe cike da fushi, na ce ai ba ka sani ba. Ka ce, "Ban sani ba, amma kifin da na kashe bai dawo ba. Rufe bakinka, Bulus."

Daga wannan shekara wa ya fi ka tsaron gurbin nan? Kai ne kake zaga bakin rafi kana korar masu jefa ƙugiya a ɓoye. Ranar su, in tarwaɗa ta shige ƙarƙashin dutse, samari suna ta kallon juna, sai a fara ihu da laƙabin da aikin reluwe ya bar maka, "Ina Baba Loko? A kira Baba Loko!" Ka nutse da furfurarka, ka fito da ita a rungume. Rabin ragunan ƙauyen nan a tsakar gidanmu aka koyi saƙa su, kana faɗa, "Ku buɗe idon raga, ƙananan su wuce. Baɗi ma za ku ci abinci."

Farauta fa? Ranar da bindigarka ta kayar da gwanki a farautar gari, ka isa kansa kai kaɗai, ka ga kibiya a cinyarsa. Dokarsu ita ce wanda ya fara fitar da jini shi ne mai nama. Ba wanda ya gani. Da ka zare ta ka jefar a ciyawa, da magana ta ƙare. Sai ka ɗaga ta sama kana kira, "Ta wace ce wannan?" Ta Ayuba ce. Ayuban nan dai. Ya tafi da gwanki, ka dawo da ƙafarsa ɗaya. Mama ta yi ta mita, ka ce, "Matar nan, tukunyarki ma ba ta da girma."

Wannan ne gidan da ake cewa ya zuba wa ruwa guba!

Ban yi nisa a makaranta ba, a jikin taragu da takardar ƙunshin ƙosai na koyi karatu, amma kaina yana aiki. Ɗan filinmu na acca ne, ba mu taɓa yin feshi ba. Masu famfon feshi a ƙauyen nan kowa ya san su, kuma kowannensu yana da kawu cikin dattawa. Ni ne ba ni da kawu.

Baba, na yi kewarka. Mama takan tsaya ta zuba wa ƙusar nan ido. Ni kuma da na ji ƙamshin bandar kifi sai ka faɗo mini a rai. Na san za ka ce in rufe bakina. Ka yi haƙuri, wannan karon ba zan iya ba.

Ranar su zan je. Ba zan sa ƙafa a ruwa ba, tunda an hana, kai kuma ba ka haifi mai tsallake doka ba. Zan tsaya a bakin gurbi inda kowa zai gan ni.

Ubangiji ya ba ka hutawa a gabansa. Ya raya rafin nan da ka ƙaunata, ya kuma riƙe mini harshe daga zagi, amma kada ya riƙe shi daga gaskiya. Amin.

Ɗanka da ke taƙama da sunanka,
Bulus

Kai kuma Dattijo Ayuba, kafin ka buɗe ruwa a ranar, ka juyo ka fuskanci jama'a. In kana da wanda ya gan ni da maganin nan, kira sunansa ya fito. In ba ka da shi, ka miƙo mini ragar ubana da hannunka, ka faɗa da ƙarfi, har matan da ke can baya su ji, cewa gidanmu ba shi da laifi.