Jamusawa Ba Su San Ɗinya Ba

Suleja

Zuwa ga 'yata Binta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gida, yaya maigidanki, yaya sanyin Jamus? Ina jikana, angona Sadiku? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan da kika sani.

To, tsohuwarki ta shiga makaranta. Tun zuwanku na bara abin yake cina: na miƙa wa Sadiku abarba, ya yi mini Jamusanci, na yi masa Hausa, ya ɓuya bayanki. Miji yana gudun matarsa, ai da kunya.

Shi ne na kama Malam Audu maƙwabcinmu, wanda ya yi wa Jamusawa masu gina Abuja kuku. Dokarsa ɗaya: abin da ban faɗi sunansa da Jamusanci ba, ba zan ci ba. Abarba Ananas, ayaba Banane, waɗannan na cinye su tuni. Kankana kuwa, wai Basamelone, sai da ta kusa ruɓewa.

Jiya na kai masa ɗinya da kanya da tsada. Ya juya su, ya ce, "Hajiya, ban taɓa jin sunansu a bakin Bajamushe ba."

Na yi ta dariya. Ki gaya wa angona na koyi nasa. Waɗannan ukun kuwa sai ya zo ya zauna a cinyata ya koya, kuma dokar Malam Audu tana nan.

Ki gaishe da maigidanki. Ku sa ni a addu'a, Allah ya kai mu lokacin ɗinya tare.

Mahaifiyarki,
Hajiya Kande