Layi Ɗaya a Shafi na Sha Tara

Yaya Malama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Kawu? Takardun tarihin danginmu da kika aiko in duba sun iso. Kin san karatuna da jan ƙafa, kwana uku na yi a kansu. Kafin in ce komai, ga abin da na gani wata safiya ina ɗan shekara bakwai.

Mun iso ƙofar gidanku, Umma da jaka a ka, akwatin gudumarta a hannu, ni riƙe da gefen zanenta. Kwananta biyu da barin gidan babana. Kawu na tsaye jikin mota zai tafi ofis. Ya miƙo mata mabuɗin ɗakin baya, ya ce cinmu da shanmu da makarantata duk a wuyansa, amma ta bar gyaran kujeru. Ba zai juri abokan aikinsa su riƙa ganin ƙanwarsa durƙushe a bakin titi da ƙusa a baki ba. Umma ta jujjuya mabuɗin, ta yi godiya, ta ajiye shi kan motar. Muka juya.

Shekara biyu a shagon gyaran Umma muke kwana, kan kujerun mutane. Duk wadda aka kawo gyara ni ke fara ɗana ta. Umma kan ce ko ɗan gwamna bai kai ni canjin gado ba.

A shafi na sha tara kin rubuta: "Da aurenta ya mutu, yayanta ya riƙe ta da ɗanta." Layin nan nake roƙo a gyara.

Ki huta lafiya.
Ɗan Gwaggonki

*

Ƙanena,

Na samu wasiƙarka, muna gaishe ku. Jikin Baba sai a hankali, yanzu ko cokali sai an riƙe masa.

Layin da kake magana daga bakinsa na ɗauko shi. Sau uku yana ba ni labarin, har katifar da ya saya muku yake faɗar launinta, yana share ido. Ran Litinin za a kai littafin wurin masu bugawa, shi kuma burinsa a karanta masa tun yana ji. Kana so in zauna gefen gadonsa in karanta masa cewa bai yi ba?

Ban ce ka ƙirƙira ba, amma ɗan shekara bakwai fa kake. Ƙa'idata a aikin nan, ba na soke maganar babba sai da shaida na biyu. Ita Gwaggon ka tambaye ta kuwa?

Allah ya bar zumunci.
Yayarka

*

Yaya Malama,

Ina gaisuwa, Allah ya ba Kawu sauƙi.

Na tambaye ta. Tana kan gyaran wata kujerar asibiti da sosonta ya mutu. Ta zare ƙusa daga baki ta ce, "Su rubuta abin da zai sa shi barci. Miƙo min almakashi." Can muna share shago ta tambaye ni ko jikoki ma za su karanta littafin. Na ce don su aka yi. Ta ci gaba da shara.

Kawu bai yi ƙarya ba. Ya sayi katifar, shuɗiya ce. Bayan shekaru na gan ta ta tagar ɗakin, tana jingine a ledarta. Abin da ya yi niyya yake tunawa. Ki rubuta ya yi tayi, gaskiya ce. Sai ki ƙara cewa ta riƙe kanta da ɗanta.

Batun shaida: direban Kawu ya rasu, maigadi ban san inda yake ba. Saura wata yarinya da kayan makaranta, takalmi ɗaya a ƙafa, da ta biyo mu da gudu har kwana tana cewa Gwaggo ta tsaya ta sha shayi. Ta cusa min biredinta a aljihu.

Ke ce, Yaya.

Ki huta lafiya.
Ɗan Gwaggonki