Allon da Aka Sauke Daga Rumfar Yayana

Zuwa ga Shugaban masu sayar da irin albasa na kasuwar Aliero.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan ana ƙare aikin damina lafiya, ina sanar da kai, da duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa, cewa ranar kasuwar da ta wuce an yi juyin mulki a Aliero: mutum biyu da tsani ɗaya sun sauke wani allon talla, bisa umarninka. Ba a rasa rai ba. Allon na rumfar yayana ne, marigayi Alhaji Mamman Mai'iri, kuma ni na tsara abin da ke kansa.

Ranka ya daɗe, ka san shekara talatin ya yi yana sayar da iri ba tare da allo ba. Da ya rasu, ɗansa Aminu ya gaji rumfar, ya zo ya ce, "Baffa, kai ke da biro, a rubuta muna wani abu." Na yi koyarwa har na yi ritaya, na karanta littattafai fiye da yadda lafiyar idona ta yarda. Na ga an ƙirƙiro mana sabuwar jiha tamu ta kanmu, kowa na sabon fenti, na ce sunan yayana ma ya hau sama. Ga ƙorafina.

Na ɗaya, an ce rubutun ya yi yawa. Layi tara ne kacal, biyu daga ciki Turanci. A ganina talla sai da kirari, kuma Turanci na ƙara wa kaya daraja. Gaskiya ne direban da ya taso daga Jega ba ya kai layi na uku kafin ya wuce, amma ban san laifin marubuci ne saurin mota ba.

Na biyu, ba a kira ni ba kafin a sauke. A bakin mai shayi na ji labari, kamar baƙo.

Na uku, kuma nan ne zuciyata ta karye. An ce dalili shi ne layin da na fi alfahari da shi: "Irin Alhaji Mamman, kowace ƙwaya sai ta tsira." Na ɗauka haka ake talla, ba a barin ƙofar shakka. Sai wasu manoman Gehuru da Andarai suka saya, suka zuba, wani kaso ya ƙi fitowa, kamar yadda kowane iri ke yi tun da aka fara noma. A da, da sun ce ƙaddara ce. Bana sun ce ƙarya aka yi musu, tunda a rubuce take. Wani dattijo daga cikinsu ya tare ni gaban jama'a ya ce, "Malam, wanga iri daga Aljanna anka kawo shi? Ashe Mamman sai da ya mutu ya koyi cika baki." Mutane suka yi dariya. Ni ma na yi, don ban san inda zan sa fuskata ba.

Na koma gida da niyyar rubuta maka wasiƙa mai zafi. Har na kai tsakiya, sai na biya wurin Hajiya Hajo, matar marigayin, in nemi goyon baya. Tana tsinke zogale, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Shi dai bai taɓa rantsuwa kan iri ba. Cewa yakai, ɗebi kaɗan ka jiƙa cikin tsumma, in ya tsira ka dawo, in bai tsira ba ka hwaɗa ma kowa." Na san maganar. Aminu ma ya roƙe ni in sa ta a allon, na ƙi, na ce ai wannan korar mai saye ce. Maganar nan ce ta riƙe masa mutane daga Maiyama har Sarandosa shekara talatin, ni kuma na goge ta da layi ɗaya.

Saboda haka ga roƙona. A ranar kasuwa mai zuwa, a sa mai shela ya faɗa wa manoma cewa wancan alkawari bai fito daga bakin Alhaji Mamman ba, ni ƙaninsa ne na ƙirƙiro shi bayan an binne marigayin. A kuma bar Aminu ya ci gaba da sana'arsa ba tare da ana nuna rumfarsa da baki ba, don biyayya kawai ya yi wa baffansa.

Allah Ya ƙara maka lafiya da adalci, Ya sa albarka a noman bana, Ya jiƙan iyayenmu da yayana.

Da ƙorafi na fara wannan takarda, kuma ban goge shi ba don a ga irin tunanin da na zo da shi. Kun yi daidai. Ni ne na yi kuskure.

Wassalam.

Malam Sahabi, tsohon malamin makaranta, Aliero.