Tafintan Silima da Tsohuwar Dutse

Alhamis, 4 ga Afrilu 1968

A buga tambari, a sanar da mutanen Garwa, na cikin gari da na bakin Binuwai, cewa yau ni Wada, tsohon tafintan kotu, na sami sarauta. Mushe Georges (mushe wato malam a Faransance) mai gidan silima ya naɗa ni mai fassara fim ga 'yan bencin gaba, waɗanda ba sa jin Faransanci. Kayan sarauta biyu ne: akwatin sabulu da zan tsaya a kai, da bututun gwangwani da zan yi magana ta ciki. Matata Kaltumi ta ce girma ya faɗi. Na ce mata shekara ashirin da biyu na yi ina fassara ƙaryar masu ƙara, yau dai na sami ƙaryar da ta amsa sunanta.

Fim ɗin na tarihin Annabi Isa ne da farkon addinin Kirista. Awa uku. An kawo shi saboda bikinsu na Paska, wato Ista. Maƙwabcina Émile kafinta har rawa ya kusa yi da na gaya masa. Shekara goma sha tara muna zama ƙofar gidana bayan la'asar muna zagin jarida tare, ban taɓa ganinsa haka ba. Mahaifiyarsa Martine ta sauko daga dutsen Mokolo, kwana biyu a bayan babbar mota. Idonta ya yi yana, inuwa kawai take gani, amma tana jin Hausar kasuwa. Ya ce, "Malam Wada, kai ne idonta ran Lahadi."

Asabar, 6 ga Afrilu

An fara. Ba a gama ba.

Ban taɓa shiga taron masana irin na yau ba. Idrisa mahauci, da aka nuno ragon da za a ci a liyafa, ya miƙe ya ce wanda ya feɗe ragon nan bai taɓa riƙe wuƙa ba. Wani dillalin shanu daga Banyo ya ƙi yarda ƙasar annabawa ce, wai shanun ba su da tozo. Da gwamnan Rumawa ya wanke hannu, sai ihu: "Ƙarasa alwalar mana!" Wani daga baya yana ta tambayata me ya sa idon Annabi Isa ya yi kama da na kyanwa, kuma a wace lakwal, wato makaranta, ya koyi Faransanci. Ni na yi fim ɗin? Akwai kuma malamin da bai shiga ba, yana tsaye a bakin ƙofa cikin zafin nan, amma ya fi kowa sanin abin da ke ciki. Ya yanke wa kowa hukunci, har mai sayar da gyaɗa.

Su kuma Kiristocin kujerun baya, ma'aikata 'yan kudu, shiii kawai suke yi mana kamar masu korar kaji.

Sai aka sake nuno almajirin nan da ya ci amana. Wani ya cire takalmi ya jefe shi. Takalmin ya yaga ƙyallen da ake haska fim a kai, na biyu ya sami bututuna. Georges ya kashe inji, jandarma biyu suka shigo, aka watse ba a ga ƙarshe ba. A waje Georges ya kama hannuna. In aka sake, ya ce, za a rufe masa gida, ni kuma za a tambaye ni me na faɗa wa mutane.

Wannan a kan maci amana kawai ke nan. To gobe in an zo kan gicciye fa?

Lahadi, 7 ga Afrilu

An ɗinke ƙyalle. An kai ƙarshe lafiya, ba takalmi ko ɗaya. Ni na sa.

Da aka zo wurin gungumen, muryar fim ta faɗi abin da Kirista suke faɗi, cewa ya mutu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku. Na dubi bencin gaba. Mahauta sun kai talatin, sun yi tsit, irin tsit ɗin da ba na so. Sai na ce ta bututu wanda aka rataye wani ne mai kama da shi, shi kuwa Allah ya ɗauke shi tun kafin su taɓa shi. Aka yi ajiyar zuciya. Wani ya ce Allahu akbar a hankali.

Émile na benci na uku, tsohuwar na riƙe da hannun rigarsa. Shi yana jin Faransanci. Ya dube ni sau ɗaya. A ƙofa na miƙa masa hannu, ya ce tsohuwa ta gaji.

Abin da na faɗa shi na yi imani da shi. Kuma na hana fitina. Barci zan yi.

Litinin, 8 ga Afrilu

Émile bai zo ba. Na karanta jaridar ni kaɗai. Babu komai a ciki.

Talata, 9 ga Afrilu

Ya zo, ya ƙi zama. A tsaye, da garin katako a gashinsa, kamar mai kawo sammaci.

Wai tsohuwar ba ta san ni na canja ba. Ita a wurinta muryar bututu muryar fim ce, fim kuma na Nasara ne, Nasara kuma su suka hau dutse suka kawo mata addinin. Tun daren Lahadi tambaya ɗaya take yi masa: in su da kansu sun ce ba shi ba ne, me Fada, limamin cocinsu, ya yi shekara talatin yana gaya musu? Ya ce mata tafinta ne ya ƙara. Ta ce ɗanta yana ɓoye mata gaskiya ne don kada ta ji zafi, ai tafintan gwamnati ba ya ƙari.

Na ce, "Émile, da an fasa wa uwarka kai da benci fa?"

Ya ce, "Da ka yi shiru, Malam. Shiru ma akwai shi."

Sannan ya jefe ni da maganata. Sau nawa na ba shi labarin ranar da na fassara wa ɗan baffana hukuncin shekara biyar a gaban kwamandan Faransa, ban rage kwana ɗaya ba, ban sassauta kalma ba? Ya ce, "Na ɗan baffanka ka bar shi yadda yake. Na uwata ka gyara."

Kafinta! Mutumin da ni na koya masa rubuta takardar neman aiki. Na ce ya je ya koya wa katako fassara. Ya tafi.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Kasuwa. Mahauta sun mai da ni waliyyi. Idrisa ya cusa mini hanta a ganye ya ƙi jin komai. Yana gaya wa jama'a, "Ashe Nasara ma sun sani! A fim ɗinsu suka faɗa, Malam Wada shaida ne." Malamin bakin ƙofa ma yanzu ya ce fim ɗin ba laifi, har yanzu kuwa bai gani ba.

Na karɓi hantar, ban gyara masa zancen ba. Haushin Idrisa ya fi na Émile ci mini rai, ban san dalili ba. Jakai. Awa uku ana nuna musu abin da ya girgiza daular Rum, su suna duba tozon shanu, sai jimla ɗaya tawa ita suka ɗauka suka kai kasuwa.

Kaltumi ta soya hantar. Ta ce, "Ka ci mana, ai kai ka nemo ta." Ba na son irin muryar nan.

Juma'a, 12 ga Afrilu

Yau babbar ranarsu ce, ta juyayin gicciyen. Duk gidan Émile sun tafi coci da rana. Tsohuwar ba ta je ba. Kaltumi ta leƙa ta katanga ta gan ta zaune a gindin mangwaro da carbinta a cinya, ba ta ja. Kwana biyu a bayan mota don ranar nan ta yi.

Ba ruwana. Bangaskiyar da bututun gwangwani zai kayar, dama can...

A'a. Wannan ba magana ba ce. Na bar ta dai a rubuce.

Asabar, 13 ga Afrilu

Nunin ƙarshe, gobe fim zai wuce Marwa. Ban yi niyyar komai ba. Na hau akwati ina jin haushin kowa. Da aka zo wurin, sai na ji bakina ya koma kotu. Na ce, "Masu fim ɗin sun ce," na faɗi abin da suka ce, duka, mutuwar da kabarin da rana ta ukun. Na riƙe bututu da hannu biyu ina jiran takalmi.

Idrisa ya ɗago kai. "Malam, ran Lahadi ba haka ka ce ba."

Na ce ran Lahadi ni na ce, yau su suka ce.

Ya ce, "To, ai nasu ne." Ya juya ya ci gaba da gaya wa na kusa da shi cewa jakin da aka hau shiga birni ya fi dawakin Rumawa ƙoshi.

Shi ke nan fitinar. Ita ce na ceci garin Garwa daga gare ta.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Da hantsi, kafin su fita coci, na shiga gidan Émile. Ban yi masa magana ba, wurin tsohuwar na nufa. Na durƙusa na ce, "Inna, ni ne Wada, mai bututu. Abin da kika ji ran nan ba fim ne ya faɗa ba. Ni na faɗa." Na maimaita mata abin da fim ɗin ya ce, da ƙarfi, don kunnen ma ya fara nauyi.

Ta lalubo fuskata da hannu. Ta ce, "Kai ne? Ba Nasara ba?"

Na ce ni ne.

Ta yi dariya har da tari. "To ɗana, kai ai Musulmi ne, dole ka ce haka. Me ya hana ka ce naka ne?" Ta juya tana kiran matar Émile ta kawo mata zanen fita, za su makara.

Na shirya jawabi mai tsawo a hanya, kan jandarma da benci da zaman lafiya. Ba wanda ya nema. Da zan fita dai Émile ya ce in kula da dokin ƙofa, ya ɗan ɗaga, zai gyara gobe in na shigo.

Ranar Juma'arta kam ta wuce, ba mai dawo mata da ita, kuma ban san ko za ta ga wata ba.

Ni na yi kuskure.