Satin da Aka Hana Tamu Kaba

Garin Illo, ta Dantchiao
14 ga Nuwamba, 1976

Baban Fadi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya Yamai, ya wahalar sitaj, kwas ɗin nan da ka tafi? Mu nan lafiya lau muke. Fadi ta fara rarrafe, jiya a gindin randa na tsince ta. Hajja tana sa maka albarka, ƙafar tata ta yi sauƙi.

Mun yi baƙo a lakwal. Sunansa Bunu, Mushe Bunu ake ce masa irin na Faransanci, daga nan wajenku aka turo shi da takardar anspekta, wai shekara huɗu ya yi a Faransa yana karatun halin yara. Ya zo binciken yadda ake gyara yaran da ke damun kilas. Da taye a wuya yake shiga rumfar karan da nake koyarwa, kuma sai ya shimfiɗa hankici kafin ya zauna a benci. Mutumin Gure ne fa, amma in zai yi Hausa sai ya riƙa lalube kamar a jirgi ya baro ta.

Direkta bai yi wata-wata ba ya miƙa masa Tamu. Ba ka san ta ba, bayan tafiyarka aka kawo ta. 'Yar Yero ce, mai shanun da ke ruga bayan tafki. Da aka ce wakilin maigari ya kawo yara arba'in bana, masu hali suka ɓoye nasu, shi kuwa ya cike da ita. Za ta yi shekara tara. Maganarta ba ta wuce kalma biyar ba, su ma da Fillanci, kuma ba ta kallon mutum a ido. In yara suka ɗauki karatu da ƙarfi sai ta toshe kunne ta ƙwalla ihu, ta ciji bayan hannunta, wani lokaci ta kifar da benci.

To ga ilimin Faransa. Sati biyu kada in taɓa ta, kada in lallashe ta, in dai ja layi a kaye, littafin rubutun da ya ba ni, duk sanda ta yi ihu ko cizo. Shi yana gefe da wani agogo mai maɓalli, yana dannawa yana gyaɗa kai. Da na ce yarinyar tana jin ciwo, sai ya yi murmushi ya ce in bar tunani ga masu shi, ni in ja layi. Ina ja. Jiya talatin da huɗu na ja.

Ka gaida mutanen gidan da ka sauka.

Matarka,
Balki

5 ga Disamba, 1976

Baban Fadi,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso, na ji daɗin jin zazzaɓin ya sake ka. Ka riƙa cin abinci don Allah.

Ka tambayi labarin mai taye. Maganinsa ya fito: in Tamu ta yi shiru na minti biyar a ba ta alewa, in ta yi ihu a kulle ta a magaza, ɗakin ajiyar kaya. Tamu ba ta shan alewa. Sunsunawa take ta yar. Sauran yara kuwa kwana biyu ya ishe su gane kan abin, sai su yi ihu su yi shiru su miƙo hannu. Kilas ɗina ya koma kasuwar awaki, shi yana ta rubutu. Daga magaza kuma da kumburin goshi ta fito.

Ran Alhamis ta wancan satin, da babu lakwal, na goya Fadi na tafi rugar. Ban gaya wa kowa ba. Kakarta, Inna, ta shimfiɗa mini tabarma ta dama mini fura. Can na hangi Tamu a gindin aduwa da kaba a cinya, tana tufka igiyar ɗaure maruƙa. Baban Fadi, daga azahar har la'asar ban ji muryarta ba. Igiyar kuwa ta fi wadda ake sayarwa a kasuwar Magariya kyau. Inna ta ce hannun yarinyar ne ba ya son zama banza, in ya rasa abin riƙewa sai ya koma kanta. Ta ce kuma hayaniya tana shigar mata kai kamar allura. Yero da kansa ya yanko mini ɗaurin kaba.

Washegari na mai da ita bakin ƙofar rumfa, nesa da masu ƙarar murya, na ɗora mata kabar a cinya. Ranar layi shida na ja. Jiya biyu. Shekaranjiya har ta ajiye igiyar ta ɗauki alli ta zana wani abu mai kama da ƙwarya a allonta, ta turo mini da ƙafa.

Mushe Bunu da fari ya ce wannan ƙauyanci ne, babu shi a littafi. Da ya ga layukan sun ragu sai ya tafi masaukinsa, ya dawo da safe ya raɗa wa kabar Inna wani suna na Faransanci mai kalma huɗu. Ina ji yana gaya wa direkta dama shi matakin da ya shirya ke nan na gaba. Direkta ya ce ai shi tun ranar farko ya ga alama. Su riƙe sunan, tunda yarinyar ta huta.

Taka har kullum,
Balki

19 ga Disamba, 1976

Baban Fadi,

Ina gaisuwa. Mu lafiya, Fadi lafiya. Ban san yadda zan rubuta maka wannan ba, amma gara ka ji daga bakina.

Wancan satin Mushe Bunu ya ce manyansa ba za su yarda kaba ce ta yi aiki ba sai an janye ta an ga ciwon ya dawo, sannan a mayar. Haka ake bincike, in ji shi. Sati ɗaya kacal. Na ce wa za a ɗaure wa karaya sannan a kwance don a tabbata ɗaurin ne ke riƙe da ƙashin? Ya ce ba zan gane ba. Direkta ya kira ni ofis ya tuna mini har yanzu ba a tabbatar da ni a aiki ba, kuma abin da baƙon ya rubuta a kaina anspekta zai karanta.

Ran Litinin ni da hannuna na zare kabar daga cinyarta. Ba ta yi ihu nan da nan ba. Ta bi hannuna da kallo har na sa ta a kan tebur, sannan ta kalli fuskata. Tun da ta zo lakwal, ranar ta fara kallona a ido.

Kwana uku muka yi. Ran Laraba ta ciji hannunta har fata ta tsage, ta tashi ta riƙa buga goshi a jikin dirkar rumfa. Kafin in tsallake bencina jini ya rufe mata ido. Ina riƙe da ita Mushe Bunu ya leƙo kayen ya ce, "Kin gani ko? Layin ya hau." Murna ce a fuskarsa, wallahi, irin ta wanda gonarsa ta yi kyau.

A mobilet, ɗan babur ɗin direkta, muka kai ta likita a Dantchiao, aka yi mata ɗinki huɗu. Can Yero ya same mu. Na ɗauka zai daki wani, har na so ya daka. Bai ko kalli mai taye ba. Ni ya duba ya ce, "Malama, da kika zo muka nuna miki, mun zaci don ki ba ta ne." Ya saɓa 'yarsa a kafaɗa ya fita.

Na zagi mai tayen nan a wasiƙa biyu. Shi dai bai taɓa shan furar Inna ba, ni ce na sha.

Ka sa ni a addu'a.
Balki

23 ga Janairu, 1977

Baban Fadi,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan jarrabawar ta zo da sauƙi. Ka yi haƙuri da shiruna. Fadi ta yi haƙora biyu, Hajja ta ce kamanninka suke ƙara fitowa.

Bayan hutu Mushe Bunu ya matsa a dawo da Tamu, don saura matakin ƙarshe, wato a mayar mata da kaba na sati biyu. Ya ɗauki wakili suka tafi rugar da barazanar kai ƙara wajen kumandan mai mulkin yankin. Toka da kashin shanu suka tarar. Yero ya kora dabbobinsa ya ƙetara iyaka wajen Ɓaɓura.

Sai ya zo mini da fara'a, har da tambayar lafiyar Fadi, ya ce tunda mun san abin da zai faru in an mayar da kabar, in cike masa sati biyun a kaye. Na ce ba zan ja layin yarinyar da ba ta nan ba. Bai ji kunya ba. Ya ari bik ɗina ya zauna a ofishin direkta ya cike abinsa. A takardarsa Tamu ta warke ran sha biyar ga wata. Direkta kuma bai cire sunanta daga rajista ba, kada yawan yaransa ya ragu a idon anspekta.

Na gamu da Inna a kasuwar Magariya, ta kawo man shanu. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ba ta ce in tashi ba. Ta ce goshin ya warke. Amma Tamu ta daina tufka. In an miƙa mata kaba sai ta cusa hannuwanta a hammata ta juya baya.

Yanzu mai taye ya koma wani ƙauye wajen Waca, wai akwai yaron da ke yayyaga littattafai. Yakura ce ke riƙe da kilas ɗin, wadda muka yi makarantar malamai tare. Na ba direban motar kasuwa wasiƙa ya kai mata. Na ce ta ja masa layi iya son ransa, amma in Allah ya nuna mata abin da ke kwantar wa yaron hankali, ta yi shi a ɓoye, kada ta yarda agogon nan ya gani.

Shekaranjiya takardata ta zo daga anspekta. An tabbatar da ni a aiki. A ƙasa an rubuta cewa baƙo mai bincike ya yaba da haɗin kan da na ba shi. Na san za ka ji a can, shi ya sa na riga gaya maka. In za ka rubuto, kada ka yi mini barka.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Balki