Riyal ɗin Kakana Ya Koma Zobe

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, admin kuma a sakaya sunana. Shekaruna saba'in da huɗu, abin da zan faɗa kuwa ya faru ne wata biyu da suka wuce a gidana da ke Umbadda, nan Sudan.

Tun ina saurayi nake tara tsofaffin tsabar kuɗi, milim da tarifa da ahu mai huji, duk cikin gwangwani guda. A cikinsu akwai riyal na azurfa mai kan wata sarauniyar Turawa, wanda kakanmu ya ɗinke a gefen rigarsa ya taho da shi a ƙafa daga ƙasar Hausa da nufin hajji, Allah bai nufa ba, ya rasu a Umdurman. A bakin riyal ɗin akwai gurbin haƙorin kakan namu, inda ya ciza domin ya gwada azurfar.

Da na kwanta asibiti, 'yata Zainabu, bisa ƙauna, ta zaɓi mafi girma a gwangwanin, wato riyal ɗin, ta kai wa maƙerin azurfa a kasuwar Umdurman. Ya huda tsakiyarsa, ya buge shi ya zama zobe. Ran da aka sallame ni ta sanya mini a yatsa tana murna, ta ce, "Yaba," haka take kirana, "ga sunna ga tarihi." Na yi mata faɗan da ban taɓa yi ba, ta yi kuka, ta ce ai tsammani take duk ɗaya ne da sauran. Na koma wurin maƙerin, ya ce ya riga ya narkar da tsakiyar.

To, yayata da ke Jabal Awliya ta makance, jiki kuma ya yi nauyi. Tun muna yara takan shafa fuskar sarauniyar nan da babban yatsa, ta lalubo gurbin haƙorin. Yanzu ta aiko cewa in kawo mata riyal ta riƙe kafin ta cika. Surukina, mijin Zainabu, ya ce in sayo irinsa, amma yatsanta ba zai ruɗu ba, ni kuma ban taɓa yi mata ƙarya ba. In na faɗi gaskiya, ina tsoron ta tafi da fushin Zainabu, wadda ita ta goya.

Zoben na hannuna, na kasa cire shi, na kasa dubansa. Shin in miƙa mata shi haka, ko me zan yi? Ba wanda ya san wannan sai matata, da Zainabu, da surukina, da maƙerin, sai Allah da ya fi su sani.