Ƙorafi Kan Hoton Bakoji a Shafi na Tara

Malam Maliki Hammadu,
Tabanni, Birnin Gwari.
14 ga Fabrairu, 2023.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Tantance Littattafan Yara.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: YADDA AKA SIFFANTA KAKANMU A LITTAFIN "FURERA A CIKIN DAJI"

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne mai suna a sama, tsohon malamin firamare, ɗan shekara sittin da bakwai. Ina neman izinin gabatar da kokena kamar haka:

1. Bakoji kakan mahaifina ne, makiyayi. Abin da muka gada daga bakin iyaye shi ne, wajajen 1885 wata yarinya, Furera 'yar Abarshi maƙeri, ta ɓata a daji wajen tsintar kaɗanya. Bakoji ya tsince ta a gindin dutse, ƙafarta ta kumbura. Ya bar shanunsa a hannun ƙanensa, ya saɓa ta a kafaɗa, ya yi tafiyar yini biyu yana ba ta nono, har ya danƙa ta ga ubanta a Tsohon Birnin Gwari. Har gobe gidan Abarshi da namu ba ma yin suna ko jana'iza ba tare da juna ba.

2. Ranar 3 ga Mayu, 2021, wani marubuci, Malam Bature Auta, ya zo gidana neman labaran zamanin da. Na shimfiɗa masa tabarma, na ba shi wannan labari da bakina, ya rubuta.

3. Ranar 9 ga Janairu, 2023, aka raba littafin da ya wallafa ga 'yan aji uku na firamaren garinmu. Sunayen duk suna nan yadda na faɗa. Amma a shafi na tara an rubuta: "Mugu Bakoji ya sace Furera, ya gudu da ita daji." A ƙarƙashi an zana mutum da malafa, idanu jajaye, haƙora waje, yarinya a kafaɗarsa tana kuka. An rataya masa bindiga irin ta yanzu, wadda ba a ƙera ba sai bayan mutuwarsa da shekaru masu yawa. Kafaɗar kaɗai ce gaskiya.

4. Na je wurin marubucin ranar 20 ga Janairu. Ya karɓe ni da mutunci. Ya ce yara ba sa son labarin da babu mugu a ciki, mai zanen kuma ya zana abin da mutane ke gani a yau ne. Na yi masa godiya na komo gida.

5. Jikata Saude, 'yar shekara takwas, tana ajin. Ita aka tayar ta karanta shafin, domin ta fi kowa iya karatu. Ta karanta har ƙarshe ba kuskure. Tun daga ranar 'yan ajin ke kiranta jikar ɓarawon mutane. Ba ta yi kuka ba. Ta dai daina cire mayafi daga fuskarta. Na zaunar da ita na ba ta labarin na gaskiya, ta saurara, sannan ta tambaye ni ina hoton nawa labarin.

Ranka ya daɗe, ban zo da fushi ba. A shekarun nan daji ya cinye mana shanu, ya cinye ɗana, uban Saude, ban rubuta wa kowa takarda ba. Yanzu idan abu ya same ni, sai in ji kamar labarin wani ake ba ni.

Don haka ina roƙo cikin ladabi a janye littafin daga azuzuwa, a gyara shafi na tara, kalmomi da zane. Jikokin Abarshi a shirye suke su ba da shaida. In gyaran ya gagara, a cire sunan kawai. Bakoji ya rasu kafin na'urar ɗaukar hoto ta iso yankinmu, saboda haka wannan zanen ne kaɗai hotonsa a duniya.

Allah ya ƙara girma, ya taimake ka kan gaskiya.

Naka mai biyayya,
(Sa hannu)
Maliki Hammadu